Farfesan Ɗakin Kati da Guntun Littafinsa

Ba kowace unguwa Allah ke yi wa baiwar masani irin namu ba. Mutanen wasu wuraren sai sun hau mota biyu, sun bi layi rabin yini, kafin likita ya dube su ya faɗi abin da ke damun kansu. Mu kuwa gaisuwa kawai muke yi. Ka ce wa Farfesa "ina kwana", kafin ka rufe baki ya gano cutarka, ya faɗa maka sunanta, ya ƙara maka da lambarta. Ko ba ka tambaya ba zai faɗa, don shi mutum ne mai son alheri.

Shekara ashirin da biyu ke nan yana aiki a asibitin ƙwaƙwalwa. Mahassada za su ce maka a ɗakin kati yake, wai aikinsa bai wuce ya karɓi fayil bayan likita ya gama rubutu ba, ya kwafe lambar cutar cikin rajista, ya mayar da fayil kan kanta. To, haka ɗin ne. Amma ka bari ka ji bayani daga bakin mai shi.

"Kowane likita," in ji Farfesa, yana gyara zaman tabarau, "mutum talatin yake gani a rana, in ya yi ƙoƙari. Ni fayil ɗari biyu ke bi ta hannuna kafin a tashi. Ku da kuka yi makaranta ku yi lissafi. Tsakanina da su, wa ya fi ganin cuta?"

Babu wanda ya taɓa ba shi amsa, shi kuma ya ɗauki shirun a matsayin shaida.

Sunan Farfesa masu shara ne suka raɗa masa, tun ranar da ya tsinci wata farar riga da wani ma'aikacin gwajin jini ya manta a kan ƙusa. Hannun rigar bai kai masa wuyan hannu ba, maɓallin ciki kuwa ya daɗe da haƙura. Duk da haka yana saka ta tafiyarsa ta canza. Biro uku ke aljihun gaba: shuɗi na rajista, baƙi na sa hannu, ja kuma na jama'a.

Sai dai rigar ado ce kawai. Ƙarfin Farfesa yana cikin littafinsa.

Likitocin ƙwaƙwalwa suna da wani ƙaton littafi da suka jera cututtukan tunani a ciki. Kowace cuta da shafinta: suna a sama, lamba a gefe, sannan jerin alamomi. A ce alamomi tara ne, littafin zai ce sai an samu biyar a jikin mutum kafin a fara maganar wannan cuta. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce wani likita ya tafi hutu ya bar nasa a kan tebur. Farfesa ya ɗauke shi aro, ba tare da ya wahalar da mai shi da tambaya ba, ya kai wa injin kwafi na ofis, ya yi ta juya shafi cikin sauri yana leƙen ƙofa. Littafin dogo ne, gilashin injin gajere. Kowane shafi ya fito an datse masa ƙasa, faɗin yatsu huɗu.

Farfesa ya kai takardun aka ɗinke su, aka yi musu baƙin bango da rubutun ruwan zinariya. Ya lura kuwa cewa wasu shafukan suna tsayawa ana tsakiyar magana. Bai damu ba. Ya ce haka manyan masana ke rubutu, ba sa ƙarasa zance, sukan bar wa mai basira ya ƙarasa da kansa.

Da wannan littafi ya yi wa unguwa ƙidaya. Tela ya gwada kafaɗarsa sau biyu kafin ya yanka yadi, Farfesa ya ciro jan biro: ciwon wasiwasi, lamba kaza. Mai aski ya ba shi labarin ƙwallo tun daga ƙeya har gemu, ya samu tasa lambar. Mai gyaran keke, wanda matarsa ta rasu kwana tara kafin nan, Farfesa ya je gaishe shi, ya tarar ba ya cin abinci, ba ya barci, ba ya son hira, yana ta hawaye. Ya ƙirga a yatsu, ya girgiza kai, ya dafa bawan Allah ya ce, "Shida cikin tara. Na so a ce ban sani ba, amma ilimi ba ya barin mutum ya huta."

Matarsa ita kaɗai lamba uku gare ta. Ɗaya ta samu ranar da ta sake wanke kofin da ya wanke, ɗaya ranar da ta manta inda ta ajiye makulli, ta ukun kuwa ranar da ta ce masa bai san komai ba. Wannan ta ƙarshen ya ce ita ce mai tsanani, don mai ita ba ya gane gaskiya ko an nuna masa.

Unguwa ta mayar da abin wasa. Tela da mai aski har musayar lamba suka yi, wai ta mai aski ta fi daɗin faɗa. In kuma Farfesa ya ɓata wa wani rai da gaske, da yamma za ka ga matarsa ta yafa mayafi ta nufi gidan. Maganarta ɗaya ce, kowa ya haddace ta: "Ku yi haƙuri da baban yara. Mutum ya shekara ashirin a asibitin nan, ai dole aikin ya ɗan taɓa shi." Sai a ce Allah sarki, a yafe. Da wannan magana ta kashe rigima ta fi ɗari, shi bai ma san ana yi ba.

Haka aka yi ta tafiya har Malama ta zo neman kati.

Malama ƙanwar matarsa ce, tana koyar da lissafi a sakandaren da ke bayan kasuwa. Shekara uku tana jan aji ɗaya, ta san wanda ke tsoron kashi cikin ɗari da wanda ke kwafar aikin maƙwabcinsa, saura sati biyar su zauna jarrabawar fita. Wata biyu ke nan jikinta ya rikice. Tana ci kamar me, tana ramewa. Barci ya ƙaurace mata. Gumi take yi ko kowa na jin sanyi, hannunta na rawa har alli ya riƙa tsalle a kan allo, abu kaɗan ta hau faɗa, maganarta kuma ta ƙara sauri. Ranar Asabar da safe ta shigo gidan yayarta, ta gaishe da maigidan, ta ce, "Yaya, so nake ka taimaka ka yankar min kati in ga likita. Jikin nan ya ishe ni."

Farfesa ya ajiye kofin shayi a hankali, kamar wanda aka zaga.

"Likita? Ƙanwata, ki tsallake ni ki je gaban yarinyar da ni na nuna wa inda ake ajiye fayil? Zauna. Maman yara, miƙo min Littafi."

Ya buɗe, ya lashi yatsa, ya fara tambaya. Barci ya ragu? Ya ragu. Jan biro ya yi aikinsa. Magana ta ƙaru? Yayarta ta ce ta ƙaru. Tunani na gudu? Zama wuri ɗaya na wuya? Saurin fushi? Kafin shayin ya huce an gama.

"Ciwon hawa da sauka," in ji shi, fuskarsa na sheƙi. "Yanzu kina kan hawa. Uku littafi ya nema, ke kin kawo biyar. Ƙanwata, ba ƙaramin ƙoƙari kika yi ba."

Malama ta ce, "Yaya, wuyana ma kamar ya ɗan kumbura. Sarƙata har matse ni take yi."

"Wuya ba sashenmu ba ne. Mu daga haɓa zuwa sama muke aiki."

Ta yi dariya, ta kalli yayarta, ta ɗauki jakarta ta tafi. A zatonta ta karɓi lambarta ke nan kamar kowa, magana ta ƙare.

Ba ta san tausayin Farfesa ba. Ranar Litinin ya zaro takarda mai tambarin asibiti, ya zauna ya tsara wasiƙa zuwa ga shugabar makarantarsu. Ya rubuta sunan cutar da lambarta da manyan baƙaƙe. Ya ba da shawara a rage mata aiki, kada a yi mata gardama, a kuma nisanta ta da kamfas, reza da duk wani abu mai tsini. Ya buga hatimin ɗakin kati, wanda ba abin da ke jikinsa sai kwanan wata da sunan asibiti, ya sa hannu da baƙin biro, ya rubuta "Babban Jami'i" a ƙasa. Da ƙafarsa ya kai, cikin farar riga.

Shugabar makaranta ta ga tambari, ta ga hatimi, ta ga riga, ta tuna iyayen yara. Washegari Malama ta iso ta tarar malamin wasanni a gaban allonta, yana riƙe da littafin lissafi kamar an ba shi jaririn wani. Ita aka ce ta koma ɗakin ajiyar littattafai ta huta. Kwamitin makaranta zai zauna ranar Alhamis ta sati mai zuwa ya duba ko za ta ci gaba da aiki ko a sallame ta. A ɗakin malamai kowa ya koma yi mata magana ƙasa-ƙasa yana murmushi. Wuƙar yanka burodi da ta shekara biyar a kan tebur ta ɓace. Da ta ɗaga murya ta ce lafiyar kanta ƙalau, sai suka kalli juna suka gyaɗa kai, don wasiƙa ta riga ta ce za ta yi faɗa.

Ni dai a nan dariyar ta ƙare mini. Mace ta yi shekara uku tana rainon aji, a raba ta da su saura sati biyar, kuma duk abin da ta faɗa don kare kanta ya zama ƙarin shaida a kanta. Ta zauna cikin ƙurar littattafai tana jiyo malamin wasanni ta bango yana tambayar yara ko akwai wanda ya gane misalin ya zo ya nuna wa saura. Ta yi kuka har ta gaji.

Ranar Litinin ɗin da ta biyo, ita da yayarta suka je asibitin suka bi layi kamar kowa. A tagar kati kuwa wa za su tarar? Farfesa ya yanka katin da hannunsa, ya ɗan rubuta lambar da fensir a kusurwar fayil, "don a sauƙaƙa wa yarinya aiki". Sannan ya rufe taga, ya bar mutum ashirin a tsaye, ya rungumi Littafi ya bi bayansu har ɗakin likita.

Likitar 'yar ƙaramar mace ce, ba ta da yawan magana. Ta roƙe shi ya jira a waje. Ya ce ai ɗan gida ne, kuma abokin aiki. Malama ta ce, "Bar shi, likita. Gara ya ji da kunnensa."

Sai likita ta fara wani aiki mai cin rai. Yaushe abin ya fara? Kafin nan ya kike? An taɓa yin irinsa a baya? Akwai maganin da kike sha? In barci ya ƙi zuwa, da safe ƙarfi kike ji ko gajiya? Malama ta ce gajiya kamar an yi mata duka. Likita ta rubuta. Ta juya ta tambayi yayar ita ma. Minti arba'in ana abu ɗaya. Ta kama wuyan hannun Malama tana duban agogo. Ta sa ta miƙe hannuwa, ta ɗora takarda a kai, takardar ta kama kaɗawa. Ta ba ta ruwa ta ce ta haɗiye, ta zuba wa wuyanta ido, ta tattaɓa. Daga nan ta rubuta gwajin jini, ta ce su dawo jibi.

Farfesa ya kasa haƙuri.

"Likita, ba don in koya miki aiki ba. Amma cutar kai a nemo ta a jini? Mu da muka daɗe a fagen nan, kallo ɗaya muke yi. Ga alamomi biyar a fili, na ma rubuta miki lambar. Yaran yanzu kuna da ƙoƙari, sai dai kuna son zagaye."

Likita ta ce, "Na gode, Malam," ta ɗauki abin goge fensir ta share kusurwar fayil.

Ranar Laraba, ana gobe kwamiti zai zauna, sakamako ya fito. Maƙoƙo ne. Likita ta yi wa Malama bayani cewa wani ɗan sashe a wuya ne ke aiki fiye da kima, shi ke sa zuciya gudu, jiki ya rame, barci ya gudu, rai ya riƙa ɓaci. Ƙwayoyi za ta sha, a riƙa duba jinin, cikin 'yan makonni za ta fara jin daidai. Aji kuwa ba abin da zai hana ta shiga. Malama ta sauke ajiyar zuciya, sannan ta buɗe jaka ta ciro kwafin wasiƙar da aka kai makaranta ta ajiye a kan tebur.

Likita ta karanta har ƙasa. Ta ɗago ta dubi Babban Jami'i, wanda yau ma ya biyo su da Littafi a hammata.

"Malam, ara min littafin nan naka."

Ya miƙa da hannu biyu, yana ganin ranar da ya daɗe yana jira ta zo. Ta buɗe shafin hawa da sauka, ta jawo nata littafin ta buɗe wuri ɗaya, ta jera su gefe da gefe. Nata ya ɗara nasa da yatsu huɗu. Ta sa yatsa a wurin ta karanta a bayyane: ba a kiran wannan cuta sai an tabbatar alamomin ba daga wani ciwo na jiki suka fito ba, ba kuma daga wani magani ko abin maye ba. Ta juya wani shafi, ta nuna masa inda aka ce sai abin ya kai tsawon lokaci kaza. Ta juya wani, inda aka ce sai ya hana mutum aikinsa ko zamansa da mutane, ko yana azabtar da shi. Ta nuna inda aka ja kunnen likita ya bambanta cuta da baƙin cikin wanda aka yi wa rasuwa.

"Ƙirga alamomi kowa zai iya, Malam. In a saman shafi za a tsaya, ni da kai da mai gadi duk muna ciki. Wannan na ƙasan shi ne aikin."

Farfesa ya cire tabarau, ya goge, ya mayar, ya sake leƙawa. Yatsu huɗun suna nan.

"Lallai," ya ce, "naki sabon bugu ne."

Likita ta nuna masa shekarar da ke bangon ciki. Bugu ɗaya ne.

Ta rubuta wasiƙa ta gaskiya, layi shida. Malama ta ce sharaɗinta ɗaya, ƙafar da ta kai ta farko ita za ta kai ta biyu. Ya kai kuwa, ya shaida wa shugabar makaranta cewa shi da abokiyar aikinsa sun sake nazarin lamarin sun samu ƙarin haske. Kwamiti ya zauna minti goma ya tashi. Ranar Juma'a Malama ta karɓi allinta, malamin wasanni har godiya ya yi mata. Wuƙar burodi ma ta dawo, ko da yake an ɗauki sati biyu kafin wasu su daina yi mata wannan murmushin.

Saura Farfesa. Hukumar asibiti ta aiko masa takarda ya zo ya yi bayanin wanda ya ba shi izinin amfani da tambari da hatimi, da kuma ranar da aka naɗa shi Babban Jami'i. Wani zai ruɗe, shi kuwa ya san ba a hukunta mara lafiya. Ya buɗe Littafi, karo na farko cikin shekara goma sha ɗaya ya juya jan biro ya fuskanci kansa. Ya samu shafin masu ganin kansu sun fi kowa. Ya ƙirga a tsanake, ya samu takwas cikin tara. Duk da halin da yake ciki sai da ya ji daɗi, don kaf unguwar ba wanda ya taɓa kai wa nan.

Ya gabatar da kansa gaban hukuma a matsayin majinyaci, aka tura shi wurin babban likitan asibitin. Dattijon ya ba shi awa guda cur. Barci? Kamar jariri. Abinci? Har da ƙari. Mantuwa? Ya karanto lambobi arba'in da ka. Ya san ba shi da izinin rubuta wasiƙar? Ya sani, amma ai ilimi ya fi izini. Shekara ashirin da biyu bai taɓa makara ba, bai taɓa ɓatar da fayil ba, yaransa sun girma lafiya. Dattijon ya bi shafin daga sama har ƙasa, ya rufe littafi.

"Lafiyarka ƙalau, Malam. Ba ka da lamba."

"Ko ƙarama?"

"Ko ƙarama. Son a ce ka sani hali ne, ba ma ba da magani a kansa."

Aka karɓe hatimin, aka karɓe rigar, aka mayar da shi ɗakin kwafi, shi da tsohon injinsa. Ya dawo gida da takardar shaida a hannu, mutum na farko a unguwarmu da likita ya duba awa guda ya sa hannu cewa ƙwaƙwalwarsa garau take. Kan hanya ya gama shawara da zuciyarsa cewa wannan ma ɗaukaka ce, zai sa a yi mata gilashi a rataye a falo. Ya miƙa wa matarsa yana gyaran murya.

Ta karanta. Ta sake karantawa, har ƙasan, don yanzu gidan an koyi duba ƙasan takarda. Sai ta nemi kujera ta zauna, ta yi tagumi.

"Maman yara, ba ki ji daɗi ba ne? An ce lafiyata ƙalau."

Ta ce, "Na gani, baban yara. Shekara ashirin ina bin gidajen mutane ina cewa aiki ne ya taɓa ka. Yanzu me zan ce musu?"